Ranar da na hana ƙanena hawa dutsen ƙanƙara

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Port Saeed, wata unguwa a yankin Deira na Dubai, na yi wani faɗa da ƙanena wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Injiniya ne a unguwar Al Quoz, namiji da gemunsa, amma ranar da zai taho Dubai sai da Hajiya, mahaifiyarmu, ta kira ni ta ce amanarsa tana wuyana.

Shi da abokansa uku suka tsiro da wani sabon salo. Duk ranar hutu suna cikin wani katafaren kanti mai ɗakin ƙanƙara, suna koyon wasan zamiya a kanta. Ƙanƙarar inji ce fa, an daddale ta an share, ga ma'aikata ko'ina, in ka faɗi a ɗaga ka. Shekara guda suna wannan, sai kai ya kumbura. Da hutun Sallah ya zo suka ce su dutsen gaske za su a wata ƙasa mai sanyi, kuma ba inda kowa yake yi ba, can bayan dutse inda ba a gyara hanya. Ni da hannuna na yanka musu tikiti, na nemo musu wani dattijo ɗan ƙasar ya yi musu jagora. Har alfahari nake a ofis, kun ji wauta.

Suna isa dusar ƙanƙara ta yi kwana biyu tana zuba da iska, suna kulle a masauki. Ranar Talata gari ya washe, rana ta fito tar. Ina shan shayi sai ga kiran ƙanena, yana huci. Wai jagoran ya ƙi kai su, in nemo musu wani yanzu-yanzu, yalla. Ya juya min kyamara in ga sama, babu ko ɗigon gajimare. Ni ma da farko na ba shi gaskiya. Mu a gida in hadari ya wuce rana ta fito, ai magana ta ƙare, shanya ake fitarwa.

Na kira dattijon da niyyar in wanke shi tas. Bai ja da ni ba, sai ya turo min bidiyon da ya ɗauka da safe. Ya haƙa rami a gefen gangaren har ƙirjinsa, ashe ƙanƙarar hawa-hawa take. Ta sama, wadda iska ta tara, ta dunƙule ta yi tauri. Ya cusa hannu can ƙasa, sai ga tsohuwar tana zubowa kamar sukari. Ya yanko dunƙule guda, ya ɗora shebur a kai, ya ɗan bubbuga da tafin hannu, gaba ɗaya ya sulale ya faɗo masa a ƙafa. Ya ce haka duk gangaren yake, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke shi. Ya ce irin wannan rana mai kyau bayan zuba ita ta fi cin mutane, don ita ke fito da su, kuma wanda ƙanƙara ta zaftaro ta binne mintuna kaɗan gare shi.

Na kira ƙanena na ce babu wani sabon jagora, khalas, magana ta ƙare.

Ya ce, "Yaya, kina zaune cikin sanyin ofis a Deira za ki koya min ƙanƙara? Ke da ko ta kanti ba ki taɓa takawa ba."

Na ce, "Ban taɓa ba. Amma wallahi ka ɗaga ƙafa ka nufi dutsen nan, Hajiya zan kira, ka yi mata bayani da bakinka."

Ya kashe min waya. Ni, da na goya shi! Daga baya ya aiko da saƙo mai tsawo, wai na kunyata shi gaban abokansa, na mayar da shi yaron goye, ni da tsohon duk matsorata ne. Amma dai bai je ba, don ya san halina.

Ranar Alhamis dattijon ya turo hoto. Gangaren nan ya zaftare da kansa tun daga sama har ƙasa, ya karya itatuwa, babu kowa a kai. Na shiga banɗakin ofis na sha kukana, na fito na yi alwala.

Da suka dawo ni na je ɗauko shi a filin jirgi. Ban nemi ya durƙusa min ba, kalma ɗaya kawai nake jira. Na miƙa masa hoton a mota. Ya kalla, ya kalla, ya miƙo min wayata.

"To ai mu Talata za mu hau, ita kuma Alhamis ta zubo."

Jama'a, sai da na gangara gefen titi na tsaya.

Abin da na koya shi ne, in ka tare wa mutum masifa kafin ta zo, ba godiya za ka samu ba, haushinka zai ji, don shi bai ga komai ba sai abin da ka hana shi. Kuma iyawar ɗaki ɗaya ba ta sa mutum ya san dutse.

Yanzu 'ya'yansa biyu. Har yau bai ce min yi haƙuri ba, kuma duk taron da aka yi sai ya ba da labarin yadda na lalata masa hutu. Raina yana ɓaci kamar ranar farko, amma ba na katse shi. Na fi son in ji shi yana ba da labarin da bakinsa, a kan a ce ni ce na kira Hajiya na ba ta ɗaya labarin.