Allurar da Baba Aksil ya yarda da ita

Kowa ya san Baba Aksil da aikin aksil ɗin baya, tukunyar haƙoran ƙarfen nan da ke raba wa tayoyi juyi. Aikin yana da wuri guda mai wuyar sha'ani, wato notin da ke matse boris, zoben ƙarfen da sandar aksil ke juyawa a cikinsa. Ka matse da yawa boris ya ƙone, ka sassauta motar ta riƙa gunji. Shi kuwa da yatsa biyu yake juya sandar, ya ji nauyinta, ya ce ya isa.

Sai tsufa ya shigo masa ta yatsu, suka fara mutuwa. Motar wani direban kaya ta dawo tana gunji bayan ya gyara ta. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya fara zancen ajiye aiki.

'Yarsa ta fari ce ta tasa shi gaba zuwa shagon kayan aiki, yana tafe yana mita. Mai shago ya ɗauko sifana mai awon ɗauri, doguwa kamar taɓarya, mai yin ƙas in noti ya kai.

"Baba, wannan za ka ɗauka," in ji 'yar tasa. "Dubi girmanta."

"Uwata, ƙarfi na ce miki na rasa? Ji na rasa."

Ya ture sifanar, ya nuna wata 'yar siririya mai allura irin ta agogo a fuskarta. Wannan ba ta ɗaure komai, nauyin juyi kawai take nunawa, aikin da yatsunsa suka daina. Ya daɗe yana juya ta a hannu, fuska a murtuke.

Da ya saye ta ya koma gareji, ya sake kwance aksil ɗin direban, ya sa sabon boris. Yana matsewa kaɗan-kaɗan yana aunawa. Hannunsa ya ce da saura, allura ta ce ya isa. Ya tsaya, zuciyarsa na ta gardama. Mutumin da ko matarsa ba ta cin sa a musu, yau ƙarfe ya gyara masa zance! Ya bi maganar allura, ya ajiye sifana.

Direba ya zaga da motar ya dawo, shiru kake ji.

"Baba, hannun nan naka dai har yanzu babu irinsa."

"Hannun ya tafi, ɗana," ya ce, yana goge allurar da gefen rigarsa. "Ni ne dai ina nan. Gobe ka turo motar ƙanenka."