Haj Garba, Zalɓen Bakin Tur'a

Duk wanda ya taɓa bin bakin tur'ar ƙauyenmu, magudanar da ke shayar da gonaki, da sassafe ya san abin da zai tarar: dogon tsoho tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya naɗe jallabiya zuwa ƙugu, hannuwa sama, ido a rufe, ruwan ban gona na wucewa ta gefensa. Haj Garba ke nan, ɗan wan mahaifina, wanda kuke kira Zalɓe a bayan idonsa. Ya sani kuwa! Cewa yake yi, "Ku ƙyale su. Kun taɓa ganin zalɓe a layin asibitin Sinnar yana dafe da baya?"

Ku dariya kuke yi. Ni kuwa, wallahi, ban taɓa hango wannan tsayuwa ba face gabana ya faɗi.

Ga asalin abin, don yaran da ba su sani ba. Yana saurayi ya tafi dako Bor Sudan, buhunan auduga suka lalata masa baya, har sai an juya shi a kan gadon angarib kamar jinjiri. Wani Ba'indiye mai sayar da yadi ya tausaya masa, ya koya masa lanƙwashe-lanƙwashe da jan numfashi, abin da suke kira yoga. Garba ya miƙe garau. Ya dawo Jazira ya karɓi hawashar mahaifinsa, gonar da muka tashi a cikinta, ya zo da abin nan, bai ƙara fashinsa ba ko ranar Idi.

Ni kuma Allah ya yi ni da ƙafar yawo. Kano, Injamina, Habasha, Jidda, har aikin jirgin ruwa ya jefa ni Bombay. A can na ga maza a bakin teku suna irin wannan sunkuyo da miƙewa, daidai lokacin da rana ke ɓullowa. Na tambaya da guntun yarensu da na tsinta, suka ce sunan abin gaisuwar rana. Wannan fa shi ne lokacin da aka hana mu ko nafila, don kada mu yi kama da masu bauta mata. Da na dawo, ko jakata ban kwance ba na nufi tur'a.

"Yaya, wanga abu da kake yi, a ƙasarsu gaisuwar rana suke ce masa."

Ya buɗe ido ɗaya. "Wa zan gaisar?"

"Rana."

"Ranar da ta toye mini ƙeya tun ina yaro a cikin auduga? Ya zol, mutumina, ko a hanya muka gamu ba zan ba ta hannu ba!"

"To ka jira ta ɗaga. Ko ka shiga ɗaki."

"Bayana ba ya jiran hantsi, Idi. Ɗaki kuma Hauwa ta cika shi da kwanuka."

Na roƙe shi ya bar zancen tsakaninmu. Kafin azahar ya ba da labarin a wurin shan jabana, majalisar kofi, yana kwaikwayon muryata.

Kuna tune da shekarar da aka yi masa kukan mutuwa yana raye? In ya gama lanƙwashe-lanƙwashensa, yakan kwanta rigingine, ya saki jiki, ba motsi. Ran nan ya yi kwanciyarsa a tsakanin kunyoyin auduga, mata masu cira suka tarar da shi. Ihu! Hajja Hauwa, matarsa, ta zo a guje ba takalmi, ƙullin dawa na toya kisra a hannu. Aka kira liman, Faki Bello. Haj Garba yana jin komai fa, amma wai bai gama ba. Sai da ya ga dama ya tashi zaune, ya dubi taron.

"Inna lillahi! Wa ya rasu?"

"Kai!"

"Da na rasu ai da ni zan fara ji."

Hajja Hauwa ta shafe masa ƙullin a gemu. "Tsohon kawai! Ka sa na ƙarar da hawayena a banza. Ranar ta gaskiya sai dai ka yi aro!"

Kowa ya yi dariya ban da Faki Bello. Mutum ne mai tsoron Allah, ba mai neman fitina ba, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi. Ya ce, "Ya Haj, labarin rana ya iso mini. In ajali ya same ka a kan wanga abu, ban san ko zan iya tsayawa a kanka ba."

Tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar rai ba. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga Sakkwato don hajji, suka zauna nan ba su da komai sai addininsu. A Jidda ko Bombay mutum ya yi abin da yake so, gari ya haɗiye shi. A ƙauyenmu, wanda liman ya ƙi yi wa salla, har jikokinsa da shi za a riƙa kwatancensu.

Na dinga yi masa naci har ya yarda ya juya wa ranar baya. Na ce alhamdu lillahi. Ba a yi mako ba magana ta canza: wai yanzu Zalɓe alƙibla ya ba baya yana ruku'u! Na koma ina haki.

Ya ce, "Na kalli gabas, laifi. Na kalli yamma, laifi. To, halas, shi ke nan."

Washegari ya ɗaure jakinsa a gindin bagaruwa, ya tsaya yana fuskantarsa, ya ɗaga hannuwa.

"Yaya, mi ke nan kuma?"

"Su je su ce jaki nake bauta wa. Ko Faki Bello ba zai yarda ba, ya san halin jakin."

Kuma bai tsaya kansa ba, wa'azi yake yi. In mun fito masallaci sai ya nuna kujerun da aka jera jikin bango don waɗanda ba sa iya kai goshi ƙasa. "Dubi sa'o'ina, Idi. Sahun kujeru kullum ƙaruwa yake. Namiji a garin nan, jakinsa ya yi ɗingishi ya kwana yana gasa masa ƙafa. Nasa ƙugun kuwa sai ya ce jarumta ce, har ranar da za a ɗaga shi." Wasu sun ji. Sukan bi ta bayan dawa a ɓoye su zo wurinsa koyo, kowa na roƙon kada a faɗi sunansa. Usman mai gadin ruwa da mai shayin bakin hanya sun taɓa yin karo a can, kowanne ya ce akuyarsa yake nema. Ni ma ya taɓa kama ni, ya ce in taɓa yatsun ƙafata. Hannuna ya tsaya a gwiwa. Ya kaɗa kai. "Harsuna biyar a bakinka, ba ka iya gaisawa da ƙafarka ba."

Zazzaɓin damina ne ya ɗauke shi, bai daɗe kwance ba. Aka yi masa wanka, aka ajiye shi a filin bayan masallaci, sahu ya cika har bakin hanya. Faki Bello ya zo, amma bai shiga gaba ba. Ya tsaya gefe. 'Ya'yan Haj Garba suka sunkuyar da kai.

Faki Bello ya yafuto ni. "Idi, kai ka je ƙasar. Tsakaninka da Allah: abin da yake yi, shi suke yi?"

Gawa na gabana, ba wurin ƙarya ba ne.

"Motsin ɗaya ne, ya Faki. Ba zan ɓoye maka ba."

Ya rufe ido.

"Amma na sha laɓewa kusa da shi ina kasa kunne, don tsoron abin da zan ji."

"Mi ka ji?"

"In ya miƙe, 'Ya Laɗifu.' In ya sunkuya, 'Wayyo ƙuguna.'"

Wani a sahun baya ya kasa riƙe dariya, ya mai da ita tari. Faki Bello ya duƙar da kai, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya goge ido da bakin rawani, ya taka zuwa gaba.

"Ku daidaita sahu."

Muka yi masa sallar da babu ruku'u babu sujada a cikinta, mu duka a tsaye, har masu kujeru, kowa ya dafa na kusa da shi.

Allah, ga bawanka Garba. Kai ka san wanda ya fuskanta. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci yadda zai miƙe ƙafafunsa son ransa. Ka sanyaya zuciyar Hauwa. Amin.