Bulus a Ƙofar Gidan Mai Gurmi

Ana sallame sallar asuba muka bar Daura, ni da ɗan ƙanwata, kuma tun a tasha raina ya fara ɓaci. Na ce masa ya zo da wayarsa mai ɗaukar murya da kyau, ita kaɗai. Sai ga shi da jitar lantarki a baya cikin jaka, ga ƙaramar sifika mai caji a hannu. Na ce wannan fa? Ya ce, "Kawu, ko da za a buƙata." Na ja tsaki na shiga mota.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu, don da yawanku da gyaran rediyo kawai kuka san ni, a shagona na wajen Kusugu. Tun ina saurayi nake jin wani tsohon kiɗa na baƙaƙen Amurka da ake kira bulus. Mutum ne shi kaɗai da jitarsa, ya faɗi abin da ke cin ransa, tsirkiya ta amsa masa. Akwai wani dattijo a cikinsu mai dusasshiyar murya, kana jin ƙafarsa tana dukan ƙasa yana waƙa. Akwai kuma wata mata da in ta ja baiti sai na ajiye sukudireba na saurara. Rabin Turancinsu ba na ji, amma na san abin da ke damunsu.

Duk da haka gwanin gwanayena ba a Amurka yake ba. Wani mai gurmi ne a wani ƙauye bayan Baure. Sau ɗaya na taɓa jin sa, a filin kokawa, bayan an tashi mutane suna watsewa. Ya zauna ya yi wata waƙa a kan ƙanensa da ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba, ba gawa ba labari. Har na yi furfura waƙar nan ba ta bar kunnena ba. Kwanan baya wani mutumin Baure ya kawo mini gyara, ya ce tsohon yana nan amma ƙirji ya matsa masa, ba shi da yaro ko ɗaya da ya koya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa. Na rufe shago na ce sai na ɗauko waƙar nan kafin ta bi shi kabari.

Hanyar Zango ba laifi. Kaka ta yi, an girbe gero, amalanke sai wucewa suke da dammuna. Abin da ya hana ni jin daɗin kallo shi ne direbanmu, wanda ya ƙure mana irin waƙoƙin nan da na'ura ke matse muryar mutum har ka rasa mace ce ko namiji. Ga shingayen jami'an tsaro. A kowane shinge sai an nuna doguwar jakar nan an tambayi abin da ke ciki, don daga nesa ba ta yi kama da kayan arziki ba. A wani wurin har sai da aka sa shi ya fito da jitar ya ɗan taɓa. Fasinjoji suna ta dariya, ni kuwa ina ta kallon rana tana ɗagawa.

A Zango muka karya da koko da ƙosai. Jama'a, ƙosan yanzu sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu, kuɗin kuma ya ninka. A nan muka sake tayar da tsohuwar gardamarmu. Shi a wurinsa kiɗan rok na Turawa ba wani abu ba ne illa bulus da ya samu wutar lantarki, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma na ce ƙarya ne. A bulus murya ce gaba, tsirkiya tana jira a gama magana sannan ta amsa. A rok jita ce ke ihu, mawaƙi yana bin ta a guje. Ya ce to mutanen Agadas fa, da suke kuka da jitar lantarki, a wane layi zan sa su? Na ce ya shanye kokonsa mota za ta tashi.

Daga Baure sai acaba, don hanyar yashi ce zalla. 'Yan acaban suka ce mai ya yi tsada, a kwalba suke saye, ba ragi. Nawa ɗan acaban gudu yake kamar an biyo shi, sau biyu ina sauka ina taya shi tura babur. Muka wuce gonakin gyaɗa da wake, da Fulani suna kora shanu cikin karan da aka girbe. Da hantsi muka isa, wandona duk ƙarangiya.

Mun tarar da tsohon mai gurmin, wanda kowa ke kira Baba, a gindin darbejiya a ƙofar gidansa yana tsinkar gyaɗa. Ya rame ƙwarai, in ya yi magana sai ya tsaya ya nemi numfashi. Muka gaisa, matarsa ta aiko mana da fura mai sanyi, wadda ta fi duk abin da na ci a tafiyar nan. Da na faɗi abin da ya kawo mu sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce rabonsa da gurmi tun da masu sifika suka karɓe bukukuwa, yanzu ko kokawa da kaset ake yi. Wannan magana ta ƙona mini rai. Gari guda a bar mutum irin wannan yana tsinkar gyaɗa, a je ana hayar akwatin ƙara.

Na yi ta roƙo, na karanto masa farkon waƙar kamar yadda na riƙe. Ya dube ni, sannan ya tashi ya shiga zaure ya sauko da gurmin daga inda yake rataye. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, ya ɗaura wata. Ya ajiye shi a rana don fatar ta ɗame, mu kuma muka zauna muna jira. Ɗan ƙanwata ya jingina wayar a kan turmi ya kunna.

Da ya fara, sai na rufe ido. Muryar ta tsufa, ta ƙanƙance, amma ita ce. Ya faɗi yadda suka yi noma tare da ƙanensa a shekarar da ruwa ya ɗauke, ya yi shiru, gurmi ya amsa. Ya faɗi yadda ƙanen ya ɗaure kayansa a buhu, gurmi ya amsa. Maƙwabta suka fara taruwa, mata suna leƙe ta saman danga. Ni idona a rufe yake, shi ya sa ban ga lokacin da ɗan ƙanwata ya jona jitarsa ba. Sai dai na ji wani sauti yana bin gurmin a hankali. Na buɗe ido na galla masa harara, ya yi kamar bai gan ni ba. Baba ya dube shi ya ɗan gyaɗa kai, ni kuma na ɗauka kara ce irin ta manya. Sai yaron nan ya samu fuska, ya ƙara murɗa sifika, ya ja tsirkiya ɗaya ta yi wani dogon kuka. Nan na kasa daurewa.

Na miƙe tsaye na ce, "Kai, kashe abin nan. Nan ba wurin rok ba ne. Kiɗan Baba bulus ne, bulus zalla."

Hannun Baba ya tsaya a kan tsirkiya. Ya ce, "Me ka ce, Malam?"

Ni kuma da ƙarfina, har da alfahari, na ce, "Bulus ne, Baba. Duk abin da kake yi ɗin nan bulus ne."

Wani dattijo a cikin maƙwabta ya ce subhanallahi. Sai a lokacin kalmar ta faɗo mini da Hausa. Na yi shekara da shekaru ina faɗinta a shago, ban taɓa jin ta da kunnen mutumin ƙauye ba. Bulus, abin da aka samu a banza, ba gumi ba wahala. Na durƙusa na fara gyara, gyaran da ya fi ɓarnar muni. Na ce sunan kiɗa ne a Amurka, duk duniya haka ake kiran irin nasa. Ya ce, "Ashe har Amurka an san bulus ne."

Ya kwantar da gurmin a cinyarsa, ya jira numfashinsa ya dawo. Ya ce, "Yaron nan ya zo da tasa tsirkiyar ya biyo ni, ban ji haushi ba. Tun rasuwar maigidana da ya koya mini gurmi ba wanda ya amsa mini sai yau. Kai kuwa ka zo ƙofar gidana, a gaban iyalina da maƙwabtana, ka ce waƙar ƙanena bulus ce." Ya tashi ya shiga zaure ya mayar da gurmin inda ya ɗauko shi.

Ba irin rantsuwar da ban yi ba. Ɗan ƙanwata ya nemo bayanin kalmar a waya zai nuna masa, Baba ya ce idonsa ba ya gani. Muka yi azahar tare, muka zauna har inuwa ta juya. Daga ƙarshe matarsa ta yi magana daga bayan danga ta ce mu yi haƙuri, in ya rataye to ya rataye. Abin da ya fi ci mini rai, sai da ya cika mana leda da gyaɗa, ya rako mu har bakin hanya yana haki, ya ce mu gaida gida.

Muka kamo hanyar dawowa ta Baure da Zango. Na cika na batse. Ina jin haushin wanda ya fara raɗa wa kiɗan nan suna, ina jin haushin mutanen da suka bar Baba ya yi shiru shekaru, ina jin haushin ɗan ƙanwata da jitarsa, kuma har yanzu ban janye ba, ai tun farko na ce masa kada ya zo da ita. Da muka shigo Daura ana kiran magariba ya tura mini abin da wayar ta ɗauka, ya ce, "Kawu, ka saurara da kanka." Ko kallonsa ban yi ba.

Washegari na buɗe shago na sa a babbar rediyo. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma ba da daɗin rai nake faɗa ba. Ra'ayina bai canza ba, iyakar bulus da rok tana wurin wanda ya iya jira a gama magana. Amma jitar yaron nan, duk da ƙararta, sai Baba ya sauke baiti take shiga. Ana jin kowace kalma tasa tar. Waƙar ta kai daidai inda ƙanen ya ɗora buhu a ka ya juyo zai yi sallama, Baba ya ja numfashi zai faɗi abin da ya ce masa. Daga nan sai muryata.