Edna Kwandasta da Motar Ango

Ran Asabar ɗin da aka yi auren Leanne, Sheffield ta wayi gari da rana tarwai, har mata suka shanya kaya a bayan gida. Kafin shayi ya huce a kofi sai sama ta haɗe, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, iska tana kifar da lema a hannun mutane. Edna Staniforth, kakar amarya, ta leƙa ta taga ta ce wannan ai yayyafi ne. Ta ɗora hularta mai gashin tsuntsu, ta fice.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san Edna. Ubanta a masana'antar ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, mijinta Cyril kuwa wasa wuƙaƙe ya yi har ƙurar ta cinye masa ƙirji. Ita kwandasta ce a bas mai hawa biyu, tun tana budurwa har ranar da aka ce direba shi kaɗai ya isa. An karɓe mata jaka da na'urar tikiti, amma bakin yana nan. In baƙo ya kuskura ya tambaye ta inda zai ci abinci, to ya nemi wurin zama.

"Kifi da dankali? Kul ka ci na tsakiyar gari, ɗan nan. Ka gangara, ka bar silima a hagunka, ka karya kwana daidai gidan wanka, hancinka zai ƙarasa da kai."

Silimar nan an rufe ta tun kafin a haifi Leanne. Gidan wankan kuma wurin ajiye motoci ne yanzu. Mu dai ba mu taɓa ɓata da kwatancenta ba, domin duk haka muke yi. Baƙo ne kawai yake shan wuya.

Leanne a hannun Edna ta tashi, bayan rasuwar uwarta. Angonta Julian mutumin kudu ne, daga can bakin teku, yaro mai ladabi da saurin tsorata. Shi da iyayensa da 'yan rakiya sun kwana a otal kusa da tashar jirgi, sun ɗauki hayar ƙaramar bas, ubansa zai tuƙa. Da Edna ta ce ita za ta je ta nuna musu hanya, sai Leanne ta dafe kai.

"Kaka, don Allah ki bar su su bi taswirar waya. Rabaran ya ce akwai jana'iza bayanmu. In muka yi latti ba aure yau, kuma coci ba ya da wata Asabar sai hunturu."

"Ke tafi can! Waya ta taɓa tura bas a cikin ƙanƙara a tudun nan? Je ki gyara gashinki, zan kawo miki shi da ɗuminsa."

Da ta isa otal ɗin, ta shiga gaban mota. Abin da ta fara yi shi ne ta kifa wayar uban ango, ta ɗora jakarta a kai.

"Hagu, wajen silima."

"Wace silima, Mama?"

"Ga ta nan tana kallonka! Inda ake sayar da kafet. Kai, ka wuce. Ba komai, mu zagayo, sai ku ga kasuwa."

Suka zagayo. Babu kasuwa, ciyawa ce da benci. Edna ta nuna musu daidai inda mai kaguwa yake tsayawa, da inda ta fara ganin Cyril yana cin wake a takarda. Ta nuna musu mashayar da aka fi iya gasa nama ran Lahadi, ta ce su tabbata sun je gobe, in an sake gina ta. A gaban wani shagon burodi, wanda shi kam yana nan da ransa, ta ce a tsaya ta sayo musu mai citta.

"Kaka, ki ji tausayina," in ji Julian daga baya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Uwarsa Philippa, mace mai magana a hankali, ta ce, "Edna, ina jin mun wuce wannan mutum-mutumin har sau biyu."

"Ai ya cancanta, 'yar'uwa. Dama, maigida, dama! Mu haura ta hanyar tsohuwar bas ɗina, ta fi kusa."

Suka haura. Layi ne siriri, motoci a fake hagu da dama, tudun kuwa kamar bango. A can ƙarshensa, inda Edna ta yi shekaru tana kaɗa ƙararrawa bas na wucewa, an kafa turakun ƙarfe an jera tukwanen furanni. Ba hanya. Uban ango ya sa giyar baya, motar ta yi kuka, ta yi warin ƙonewa, ta mutu murus.

Edna ta leƙa ta gilashin mota. Daga inda take tana hango kan hasumiyar cocin a bayan rufin gidaje, tudu guda tsakaninsu. Leanne tana can cikin farar riga tana duban hanya, yarinyar da ta goya, ta yi wa kitso, ta raka makaranta. Ita ce kuma ta ce za ta kawo mata shi.

Sai ta ji wata ƙara daga gindin layin, ƙarar da ko cikin barci ta san ta. Ta ɓalle ƙofa ta gangara a guje, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, iska ta fizge hular ta yi sama da ita. Ta tsaya a tsakiyar titi ta buɗe hannu biyu. Bas mai hawa biyu ta ja birki.

Direban ya leƙo. Tariq ne, ɗan marigayi Bashir, wanda Edna ta yi wa kwandasta shekara da shekaru.

"Anti Edna! So kike ki kashe ni ko ki kashe kanki?"

"Rufe min baki, ni na share maka majina a bayan bas ɗin ubanka. Buɗe ƙofa, ango gare ni!"

'Yan biki suka gangaro a jiƙe sharkaf, suka duru ciki. Tariq ya ce hanyarsa gindin tudu take bi, ba ta hawa wajen coci, in ya kauce zai sha tambaya. Edna ta kama sandar ƙofa ta juya ga fasinja, muryar nan ta da ta dawo mata.

"Jama'a, sama da ƙasa! Akwai mai sauri? Yarinyata tana coci, ga mijin nan yana ɗiga!"

"Kai shi!" in ji wata mai kwandon cefane. Na sama suka hau buga ƙafa. Wani tsoho mai kare ya ɗaga sanda.

"Ya bi ta kamfanin almakashi!"

"An rushe shi, Baba!"

"To ai shi ya sa hanya ta buɗe!"

"A'a, ta bayan gidan madara ya fi, sai ya fito daidai inda tarago yake juyawa a da!"

Tariq ya gyaɗa kai ya murza sitiyari. Uban ango ya matso kusa da shi.

"Kai ka gane abin da suke faɗa?"

"Sarai ma. Riƙe sanda, maigida."

Bas ta haura tana nishi, Edna tana kiran tashoshin da aka cire tun tuni, fasinja suna amsawa, kare yana haushi. Mai cefane ta ciro tawul sabo ful ta goge wa ango kai, ta kuma gaya wa Philippa inda ake samun labule mai arha.

Da suka iso, motar gawa tana ƙofar coci, mutane cikin baƙaƙen kaya sun tsaya ƙarƙashin lema. Leanne tana bakin ƙofa, kwalli ya zubo mata har kumatu. Rabaran ya buɗe hannu ya ce ya yi iya jiransa, yanzu lokacin mamaci ne.

Edna ba ta roƙe shi ba. Ta nufi matar mamacin, Brenda Wragg, wadda suka yi makaranta tare, ta tsaya gabanta ba hula, gashi a manne da kai.

"Brenda, laifina ne. Ta tsohuwar hanya na kawo su."

"Wadda aka toshe? Kai, Edna!" Brenda ta dubi akwatin, ta dubi amarya, sai kafaɗunta suka fara rawa. Aka zaci kuka ne, ashe dariya ce. "Rabaran, ɗaura musu. Alf bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Ranar namu auren sai da ƙafata ta yi sanyi a nan wurin. Yau shi ma ya jira, ai ba inda za shi."

Haka aka ɗaura auren, coci cike da masu farin kaya da masu baƙi da rabin fasinjan bas, ga kwanduna a ƙarƙashin benci, ga kare a bakin ƙofa. Da aka gama ba wanda ya tashi. Ango da amarya suka zauna aka yi wa Alf addu'a, mutanen kudu suna share hawaye a kan mutumin da ba su taɓa gani ba.

Leanne ba ta yi wa kakarta magana ba sai wajen cin abinci. Ta zo ta rungume ta ta baya ta ce, "Daga yau kujerar baya, Kaka, har abada." Can kuma aka ji Philippa tana tambayar inda za su ci kifi gobe.

"Ki gangara, ki bar silima a hagunki..."

"Ta masu kafet?"

"Yawwa! Kin zama 'yar gari."

Edna yanzu tana gidan tsofaffi a saman tudun nan, ɗakinta yana kallon gari. Ƙafa ta ƙi, amma bakin lafiya lau. Leanne da Julian suna layin da ke ƙasa da ita, suna kawo mata yara duk Lahadi.