Kawu Ɗigo da Ruwan Zartsi

Kawuna ba ya iya ganin ruwa yana zuba a banza. Da ƙuruciyarsa kurar ruwa yake turawa gida-gida, har kafaɗarsa ta dama ta sauka, kuma haka ta zauna. In ka zo alwala a gidansa, da ƙafa zai turo maka kwano ya tare abin da ya zuba. Mu 'ya'yan ƙannensa muka laƙaba masa Kawu Ɗigo, yana ji, bai taɓa musawa ba.

Lokacin da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya koma 'yar gonar da ya gada a bayan gari, ya ce inabi zai dasa. Aka yi ta dariya, don ruwan rijiyar wurin zartsi ne, gishiri-gishiri, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki. Wani mai gyaran famfo ya shimfiɗa masa siraran tiyo a gindin itatuwan, kowanne da 'yan huji, ruwa na fita ɗis, ɗis. Kawu ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce tunda aka haife shi bai ga abu mai hankalin tiyon nan ba.

Inabin kuwa ya kama. 'Ya'yan ƙanana ne, amma zaƙi ba a magana. Kawu ya koma kamar mai sabon jariri, in ka gaishe shi sai ya amsa maka da labarin ganye. A gindin kowace itaciya, daidai inda danshi ya tsaya, gishiri ya yi farin zobe, shi kuma ya ce ado ne.

Mai famfon ya faɗa masa a gabana: "Baba, ranar da aka yi yayyafi kada ka rufe ruwan nan. Ka ƙara buɗewa ma."

"A yi ban-ruwa ana ruwan sama? Yaro, ka karya kuwa yau?"

Muka kwashe da dariya har da mai famfon, maganar ta bi iska.

Shekarar da inabin ya fi cika, har sai da aka tokare rassan saboda nauyi, hadari ya haɗo da rana tsaka, aka saki yayyafi mai laushi. Kawu ya ruga, da tsufansa da komai, ya rufe famfunan yana ta hamdala. Ya bar su a rufe, tunda ga kyauta daga sama. Ashe yayyafin ya narkar da zoben gishirin ne ya tura shi cikin saiwa, bai kuma kai ya wanke shi ƙasa ba. Ba a jima ba bakin ganyen ya ƙone, ya bushe, ya zube. 'Ya'yan suka yamutse a jikin reshe.

Da farko ya ce cuta ce, matarsa ta ce baki ne. Sai da mai famfon ya dawo ya tona gindin wata itaciya, ya ba shi ƙasar ya lasa. Kawu ya ji gishiri zalla.

"Wato ni na kashe su," ya ce. "Da hannuna, ina murna."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Me za ka ce wa wanda halinsa na kirki ne ya cuce shi?

Layi ɗaya ya tsira, na can ƙarshen gona, inda famfon ya lalace ba ya rufuwa sosai, ya yi ta yoyo. Kawu ya sassare matattun, ya koma kan wannan layin yana lallaɓa shi.

Ina gonar ranar da aka sake yayyafi. Ya miƙe ya nufi famfon, ya ɗora hannu a kai, ya kalli sama, ya kalli itatuwan. Ruwa na bin gemunsa.

"'Yar nan," ya ce da ni, "zo ki buɗe. Buɗe duka."

Na murɗa famfon har ƙarshe. Shi kuwa ya juya mini baya, ya tsaya cikin ruwan, don ba zai iya kallo ba.