Mabuɗin Inna Ungozoma

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Allah ya yi wa Inna Ungozoma rasuwa da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, a babban asibiti, bayan jinyar karayar ƙugu. Abin da zan faɗa a nan, ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin babbar 'yarta, Yaya Malama. Inda ban tabbatar ba, zan ce ban tabbatar ba.

Inna, a hannunki aka haife ni, a ɗakin tsakiya na tsohon gidan haihuwa da ke bakin layinmu, kamar yadda aka haifi mahaifina. Ginin ya girme ki. Bangonsa na dutse ne, tagoginsa dogaye, dokin ƙofarsa ya lotsa a tsakiya saboda sawun mata. Da aka gina sabon asibiti aka kwashe gadaje, kowa ya watse, ke kika zauna. Kowace safiya kina buɗe ƙofa, ki share baranda, ki rataye ma'aunin jarirai. Uwaye kan zo awo, su samu awo da faɗa, kuma ba ki karɓar ko sisi. Na taɓa jin kin ce wa wata, "Yarinya, nono kike ba shi ko labari?" Ni ma da na dawo daga jami'a, kin dube ni sama da ƙasa, kika ce da ma'aunin zai iya ɗaukata, da kin aika a kira mahaifiyata.

Bara wani kamfani ya nemi izinin rushe ginin da gidajen da ke jingine da shi, don a gina jerin shaguna. Da yake tsara birane na karanta, ni kika aika in gano yadda abin yake. Na karanta ƙa'idar, na sake karantawa, na kuma tambayi wani malamina don kada in kawo miki kuskure. Tsohon ginin da ake amfani da shi ba a rushe shi sai an zauna an saurari mutanen unguwa. Wanda aka yasar kuwa, rahoton masu duba gini ya isa. Kuma ba sa faɗin ranar zuwansu. Kin yi dariya, kin ce ai da sauƙi, buɗe ƙofa aikinki ne tun kafin a haifi masu dubawar.

Sai kika zame a baranda. Ana ta roƙonki ki shiga mota a kai ki asibiti, kika ƙi, sai an samu mai riƙe mabuɗi. Ga 'ya'yanki a tsaye, amma kika ce a kira Na-Fari, shugaban kwamitin unguwa. Shi ne jariri na farko da kika karɓa a ginin, ke kika raɗa masa wannan suna, kuma kullum kina cewa ɗanki ne. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ina wurin.

Ba a jima ba muka ga kwado a ƙofa. Na-Fari ya ce wata azara ce ta tsage, za a gyara, kada a faɗa miki hankalinki ya tashi. Na je na gaishe shi, na tuna masa ƙa'idar. Ya ce in bar wa manya, ya riga ya yi magana da ofishin masu duba gini, ba za su zo ba sai an gama gyara. Babu kafintan da ya zo. Masu duba gini ne suka zo, kuma mai shagon da ke kallon ƙofar ya ga wanda ya zagaya da su. Daga baya na je ofishin na karanta rahoton. Rahoton ya ce an tarar da ginin a kulle, kuma shugaban kwamitin unguwa ya shaida cewa an daina amfani da shi. Ana cewa an yi masa alkawarin shago. Wannan ban tabbatar ba. Sa hannunsa kuwa na gani.

Yaya Malama ta ce duk zuwan Na-Fari dubiya abu ɗaya kike tambaya: "An buɗe?" Shi kuma ya ce, "Kullum, Inna." Da wannan amsar kika tafi, kafin a liƙa izinin rusau a bango.

Ya zo zaman makoki, ya zauna a gaba, har ya share hawaye. Yaya Malama ta kai masa ruwa da kanta, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Yaya, mabuɗin Inna." Ya lalubo ya ajiye a kan faranti. Washegari muka je mu ɗauko ma'auninki, mabuɗin ya ƙi shiga. An riga an canza kwado. Ta taga muka leƙa, muka gan shi a rataye inda kika bar shi.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya nauyaya mizaninki da kowane jaririn da kika ɗauka. Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya Malama da ƙannenta da jikoki, da duk wanda Inna ta yanke wa cibiya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma tsare mu daga cin amana.