Na Raka Ta Farina Neman Wurin Koyon Aiki

Ku matso ku ji, ku da kuke ce mini ba na wuce bakin zaure. Ranar Larabar nan da ta wuce har gadar Kaduna na haye, kuma ba biki ya kai ni ba.

Yarinyar nan ta wajena, babbar, shekararta ta biyu ke nan a babbar makaranta tana karatun gwaje-gwaje. Sai aka ba su takarda, aka ce kowa ya je ya nemo wa kansa ma'aikatar da zai yi wata huɗu yana koyon aiki, a buga masa hatimi ya kawo kafin Juma'a. Wanda bai kawo ba sai baɗi. Kakarta, wadda ta goye ta tun yaye, ita ya kamata ta raka ta, to gwiwa ta hana. Malam maigidana kuwa ga ɗalibai ga gona. Ya ce in kai ta wurin ɗan'uwansa Alhaji, babban ma'aikaci a Kaduna, magana ɗaya zai yi a gama. Da Malam da ni duk mun manta cewa ita ce ta farina.

Mun tashi da asuba, an yi ruwa, lungunan cikin birni duk caɓi. Na ɗauki ƙullin daddawa da kuka da kwanon alkaki na tsaraba, ita ta rungume takardunta a cikin leda. A Ƙofar Doka muka sami fijo, aka cusa mu huɗu a baya, ni a tsakanin wata mai kaji da wani bawan Allah da ya fara barci tun ba a tashi motar ba. Hanya shar, masara ta yi goyo, dawa ta kai ƙugu. A Jaji na ga sojoji, sai na gyara zama, ban san laifin da na yi ba. A Mararrabar Jos aka miƙo mana gasasshiyar masara ta taga, biyu sule biyar. Na ce a ƙofar gidanmu kyauta ake ba maƙwabci, mai masarar ta ce to Hajiya ki koma ƙofar gidanku.

Gidan Alhaji ya yi kyau, har da fanka mai juya kai tana bin mutum. Ya tarbe mu da fara'a. Muka gaisa, ya tambayi Malam, ya tambayi gwiwar tsohuwa, ya tambayi damina, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da wadda aka aurar Gusau. Sai ya dubi yarinyar ya ce, "Ikon Allah, wannan ce ta farin ko? Me ake ciki yanzu?"

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Wallahi maganar ta zo har maƙogwaro. Amma ni da ban taɓa kiran sunanta ba, yaya zan zauna gaban ɗan'uwan mijina in ce tana da ƙoƙari, a taimaka mata? Na dubi dardumar ɗakin na ce, "Ana nan dai, Alhaji." Ita kuma tana jira babba ta fara magana, ta sunkuyar da kai. Alhaji ya duba agogo, ya ce yana da taro a Jos sai Asabar zai dawo, ya gode da alkaki, ya sa mana albarka, direba ya ja shi.

Muka fito titi ni da yarinyar, muka yi nisa. Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ta ce, "Yaya, alkakin dai ya sami wuri." Na ji kunya, na kuma ji dariya. Sai ta share ido da gefen mayafi ta ce mu je Kakuri, inda masaƙu suke, ta gwada da kanta.

Bas ta ɗauke mu ta haye da mu gada. Ruwan ya cika ja wur, na rufe ido ina salati har muka sauka. Kakuri kuwa ƙara ce ko'ina, da hayaƙi, da mutane a kan kekuna kamar an buɗe musu ƙofa lokaci ɗaya. Ƙofar farko mai gadi ya ce manaja ba ya nan. Ta biyu aka ce sun cika da ɗalibai tun watan jiya. Ta uku aka karɓi takarda aka ɗora kan wani tuli, aka ce a dawo bayan sati biyu. Allah ya sa ta yi kwafi da yawa. Azahar ta yi, ƙafafuna sun kumbura, muka yi salla muka zauna a rumfar wata mai shinkafa da wake kusa da wata ƙaramar masaƙa.

Ni dai ban yi boko ba sai ajin yaƙi da jahilci, amma kunnena ba ya barci. Ma'aikata biyu suna ci a bayana, ɗaya yana cewa Ogan ɗakin gwajin rini ya kusa haukacewa, mai taimaka masa ta tafi haihuwa, shi kaɗai yake wanke kwalabe yana awo. Ban juya ba. Na ce wa kwanon gabana, "Wai ɗakin rini babu hannu." Yarinyar ta ji. Ta tashi ta gaida mutanen, ta tambayi sunan Ogan da kamanninsa. Suka ce ki jira, nan yake cin abinci, ki duba mai shuɗin farce.

Ba a jima ba sai ga shi, wani dogon mutumin kudancin Kaduna, farcensa kamar na marinan garinmu. Ta bari ya ci ya wanke hannu, sannan ta je ta rusuna. Ni na juya musu baya ina gyaran ɗankwali. Ta faɗi sunanta da makarantarta, ta ce ta ji yana bukatar hannu, ta iya awo, ta iya wanke kwalabe, ba ta ƙin zuwa da wuri. Ya juya harshe zuwa Turanci yana jefo mata tambayoyi. Ban san me suke cewa ba, amma muryarta nake saurare, kuma ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Shekara ashirin muna gida ɗaya, ban san haka take magana ba.

Sai na ji ya ce, "Mama, 'yarki ce?"

Na ce, "Tare dai muka zo."

Mai shinkafa ta tuntsire da dariya har ludayi ya faɗi. Ta ce, "Oga, ta fari ce, kar ka matsa mata. Mutanen birnin Zazzau ne, sai ka kwana nan ba ta amsa ba." Ya yi dariya ya ce to ai shi ya ji abin da yake son ji daga bakin mai ita. Ya shiga da ita ciki. Da ta fito akwai hatimi a takardar, Litinin za ta fara, kuma muka shirya a gidan Alhaji za ta zauna, don haka alkakin ma bai tafi a banza ba.

Mun shigo birni ana kiran magariba. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga kan tabarma, Malam ya ce ai ya san Alhaji ba zai ba shi kunya ba. Muka dubi juna ni da yarinyar, ba wadda ta gyara masa a ranar.

Abin da na gani shi ne, ɗalibi ya daina jiran a yi masa magana. Ya yi kwafin takardarsa da yawa, in ƙofa ta ƙi ya zauna inda ma'aikata suke cin abinci ya ji ina ne babu hannu, ya nemi mai ɗakin da kansa, ya faɗi abin da ya iya da bakinsa. Mu iyaye rakiya ce tamu.

Kun ga har na gama ban faɗi sunanta ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ku gaya mini tsakaninku da Allah, uwar da ta kasa yabon ta farinta da baki, ta zo ta zauna ta cika takarda da labarinta, ta karya kunyar ne ko tana nan?